Shekarar da Aka Ce Rukayya Na da Farar Ƙafa

Shekarar da ɗana Nura ya yi aure ta ba ni wahala, ba na ma son tuna ta. Na yi dakon kifi a bakin gada lokacin da nake da ƙarfi, na yi cajin batir har asid ya cinye mini riguna, amma duk wannan wahalar jiki ce, kana kwanciya ta sake ka. Waccan kuwa a shago take, in ka gudo gida ka tarar ta riga ka isowa. Saboda ku nake rubuta ta, ku 'ya'yana da 'ya'yan Nura, don na san kun tsinci gutsattsarin maganar a bakin mata, kowa da yadda yake juya ta, waɗansu har yau in za su faɗa sai sun rage murya. Ni ina wurin. Ga yadda aka yi.

A lokacin shagona na hanyar jami'a ya riga ya kafu. Da cajin waya na fara, na ƙara fotokwafi, daga baya na sa 'yan kwamfutoci ɗalibai suna zuwa yin rajista da buga takardu. Karatuna firamare ne, ita ma ban kai ƙarshenta ba, amma na iya kunnawa da kashewa, kuma in firinta ta cije takarda na san inda zan zaro ta. Intanet ɗin shagon gaba ɗaya ta cikin wata tsohuwar kwamfuta yake bi, tana ƙarƙashin teburina, ita ke rarraba wa sauran. Wani ɗalibi ɗan Katagum ne ya haɗa mini ita kafin ya gama ya tafi. Ya ce manhajar da ya sa mata ba a sayar da ita, wai mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke taruwa su rubuta su bar wa duniya. Na ce masa ƙarya ne, babu mai yin aiki a banza. Ya yi dariya ya ce ni dai kar in taɓa ta. Tsohuwa muke kiran ta. Ta yi shekaru tana aiki, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Rukayya 'yar Potiskum ce, karatun kwamfuta ya kawo ta Wudil. Nura tela ne, wajen kai masa ɗinki suka haɗu, suka daidaita kansu, iyayenta mutanen kirki, aka yi biki ta tare a sashen da na yanka masa a cikin gida. Ta riga ta gama karatu, tana yi wa wani kamfani na Abuja aiki daga nan, su suka ba ta kwamfutar hannu. Unguwarmu sabis ba ya zama, sai Nura ya roƙe ni ta riƙa zuwa shago tana aikinta. Na ce ta zo. Ranar farko ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon titi, ta wuce kujerar lungu, ta zare kebul daga bayan ɗaya daga cikin kwamfutocina ta soka a tata. Ba a jima ba Tsohuwa ta sandare. Komai ya tsaya, yara suna tsakiyar cike fom suka hau salati. Na kashe na kunna, ta dawo. Na ce zafi ne.

Kashegari haka. Wani lokaci tana zama abin zai faru, wani lokaci sai ta gama ta tafi gida sannan Tsohuwa ta mutu a bayanta. Ranar da ba ta zo ba kuwa lafiya lau har magariba. Ba ni na fara lura ba. Wani ɗalibi ne mai bakin tsiya, Sadiƙu, ya hango ta tana tsallako titi ya ɗaga murya.

"Jama'a ga amarya nan, kowa ya yi sebin, ya adana aikinsa."

Aka yi dariya, har ni na murmusa. To wasa ƙafa gare shi. Kafin mako ya zagayo ya isa gidana, kuma da ya isa ya daina zama wasa. A 'yan kwanakin nan akuyar matata, Innarku, ta mutu, janaretana ya ƙone, Nura ya zame da babur a hanyar Kausani ya kwaile gwiwa. Yayata Tabawa ta zo cin kasuwar Juma'a daga Darki, ta zauna a tsakar gida Innarku ta zayyana mata, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da na shigo ko ruwa ba ta bari na sha ba.

"Ado, kai tun kana yaro sai abu ya taka ka kake ganin sa. Yarinyar nan farar ƙafa gare ta. Ƙarfe ma da ba shi da rai ya gane ta, balle mutum."

Kar ku ɗauki Innarku muguwa. Tsoro ne ya kama ta, ɗanta take ji. Ta daina cin tuwon da ya fito daga tukunyar Rukayya, ta ce wai cikinta ne. Ta samo rubutu tana yayyafawa a bakin zaure. Daga nan ta fara cewa a bar yarinyar ta je Potiskum ta ɗan huta, in abubuwa sun lafa ta dawo. Kowa ya san irin wannan hutun, da yawa ba a dawowa daga shi. Ta ma sa lokaci, ta ce kafin azumi. Nura ya rame, yana zaune a kan keke yana ɗinka hannun riga a baibai. Rukayya ta daina zuwa shago, ta daina fitowa tsakar gida in ba dole ba.

Ni kuwa ban ce e ba, ban ce a'a ba. Abin da yake cin raina daban ne: ta yaya ƙarfe yake sanin ƙafa? In ƙafarta ce, me ya hana fanka tsayawa? Me ya hana injin fotokwafi, wanda shi dama neman dalili yake? Me ya sa sai Tsohuwa, wadda ke ƙarƙashin tebur ba ta ma ganin mai shigowa? Na kira mai gyara ya buɗe ta ya hure ƙura, ya canza wani abu, ya ce lafiyarta ƙalau. Na tambayi limaminmu, ya ce in ji tsoron Allah in daina sauraron canfi. Na yarda da shi, amma bai gaya mini abin da ke kashe Tsohuwa ba, kuma da wa'azi kaɗai ba zan iya rufe bakin Tabawa ba.

Nura ne ya kawo shawara mai sauƙi. Ya ce a je Kano a sayo sabon akwatin rarraba intanet, a jefar da Tsohuwa, magana ta ƙare. Na ce to. Da yamma sai ga shi ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce ita ta ƙi. Na ce ita wa. Sai na ji muryar Rukayya daga bayan labulen zaure, ranar ce na fara jin ta yi magana mai tsawo a gabana.

"Baba, ka yi haƙuri. In aka canza ta, cewa za a yi saboda ni aka canza. Maganar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Ka ba ni ita in ga abin da ke kashe ta."

Na ce ta ɗauka mana. Ta ce ba haka ba, a wurinta take son ta, da kebul ɗinta da komai, kuma za ta riƙa kashe ta da gangan sau da yawa tana kallo. Ba zai yiwu da mutane a ciki ba. Wato in rufe shago. Kuma makon rajista ne, makon da shago irin nawa yake tara abin da zai ci har shekara ta zagayo. Na tambaye ta kwana nawa, ta ce ba ta sani ba. Na tambaye ta ko ta tabbata za ta gano, ta ce ba ta tabbata ba. Da ta yi mini alkawari da ban yarda da ita ba. Innarku ta ce in na rufe shago saboda wannan yarinyar, to an gama da ni, abin ya kai ga kaina. Na rufe. Zan faɗa muku gaskiya, rabi tausayin Nura da matarsa ne, rabi kuwa so nake in sani.

Abu na farko da Rukayya ta sa aka yi, ta zauna a gida ta ba ni kwamfutarta a jaka. Ni na kai ta shago da hannuna, na soka kebul yadda ta kwatanta wa Nura, na danna inda aka ce. Tsohuwa ta mutu, mai ƙafar tana can tana wanke-wanke. Na aika wa Tabawa da labari ina jin daɗi, ɗan aiken ya dawo da amsa: ai kayanta ne, ta shafa masa. Na ce shi ke nan, kwamfutar Abuja ce mai laifi. Rukayya ta aiko cewa ba ta jin laifin kwamfutar ne.

Sai ta dawo shago. Ta jawo Tsohuwa daga ƙarƙashin tebur, ta haɗa mata allo, sai ga farin rubutu yana gudu a kan baƙi. In ta soka kebul abin ya mutu, rubutun yakan tsaya cak, ta ɗauki hotonsa da waya, ta kunna ta sake. Ni ina bakin ƙofa a kan benci, na ba ta baya, ina korar masu zuwa, ina kallon su suna shiga shagon maƙwabcina. Kun san tsakanin mutum da matar ɗansa akwai kunya, ba a zama a yi ta hira. To amma tambaya tana cina. Sai in ce, Nura, tambaye ta wannan rubutun da yake tsayawa mene ne. Ita kuma, tana nan taku kaɗan daga inda nake, ta ce, ka ce wa Baba wasiyyarta ce, kafin ta mutu takan faɗi inda take da abin da take yi. Nura ya juyo ya ce wai ta ce kwamfutar tana yin wasiyya. In ce na ji, ai ba kurma ba ne ni.

Haka muka yi ta yi. Na tambaya, ta bakin Nura, yaya za ta san abin da ke cikin ƙarfe. Ta ce ba ƙarfen take karantawa ba, umarnin da aka rubuta masa take karantawa, kuma tun da manhajar a buɗe take, kowa yana iya ɗauko rubutun ya duba. Na leƙa ta gefen ido, layi ne a kan layi, da baka-baka da ɗige-ɗige, babu ko hoto. Na ce mutum ne ya zauna ya rubuta duk wannan? Ta ce mutane ne, waɗansu sun tsufa, waɗansu ma ƙila sun mutu. Abin ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ina cin abinci da aikin hannun mutanen da ban san sunan ko ɗaya ba. Wasiyyar kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, yau ta ce nan ta mutu, gobe ta ce can. Ranar da ta fi muni, da la'asar Rukayya ta kifa kai a tebur. Na gane kuka take yi. Na tashi na tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Ana cikin haka masu ɗinkin Nura suka fara yi masa sintiri, dole ya koma kan kekensa. Ranar da ya bar mu, na daure har hantsi, daga baya na kasa. Na ce, Nura, tambaye ta ko an samu wani abu. Babu Nura a wurin. Ta ce, ka ce wa Baba an samu. Sai dariya ta ƙwace mana mu duka. Na juyo da bencin.

Ta ce duk abin da yake tafiya a intanet, hoto ne ko takarda, ba a dunƙule yake tafiya ba, yanka shi ake yi ƙulli-ƙulli. Kowane ƙulli in ya iso, Tsohuwa takan tanadar masa mazubi a cikin ƙwaƙwalwarta ta juye shi. Wanda ya rubuta wannan sashen ya auna mazubin daidai girman ƙullin da aka saba, ƙwaya dubu ɗaya da ɗari biyar da 'yan kai, bai bar sarari ba. Ita kuwa kwamfutar kamfaninsu an saita ta tana liƙa wa kowane ƙulli wata 'yar shaida, kamar fentin da ake shafa wa shanu a kara don a san na wane ne. Shaidar ƙwaya huɗu ce. In ƙullin ƙarami ne babu komai. In cikakke ne, sai ya fi mazubin da huɗu, kuma Tsohuwa ba ta aunawa, juyewa kawai take yi.

"Huɗu kacal? Huɗu ne suka hana gidana barci?"

"Baba, ka tuna wajen niƙa, yadda ake jera kwanuka baki da baki. In mai injin ya juye barkono ya fi kwanon, ina ragowar take zuba?"

"A kwanon maƙwabciya."

"To in geron kunu ne a ciki, ba a wurin za a gane ba. Sai ta kai gida ta dama an kai baki. In kuma kwanon banza ne a gefen, babu wanda zai sani. Shi ya sa wani lokaci ina zama take mutuwa, wani lokaci sai na tafi."

Na daɗe ina juya maganar. Na tambaye ta shi wanda ya rubuta ɗin jahili ne? Ta ce ko kusa, a lokacinsa da irin na'urar da ke gabansa ƙila bai taɓa ganin ƙulli mai shaida ba. Kuma yaran da ke zuwa shagona duk da kwamfutocina suke aiki ko da wayoyinsu, babu mai irin saitinta. Ramin yana nan tun ranar da aka haɗa Tsohuwa, ita ce dai ta fara bi ta kansa.

Ta gyara layin, ta ƙara wa mazubin girma, ta sa Tsohuwa ta haɗa sabon umarnin, abin da ya ɗauki lokaci har na yi azahar na dawo. Ta soka kebul. Muka zuba ido. Ta tura hotuna, ta tura bidiyo, Tsohuwa ko gezau. Na miƙe zan cire kwalin da na rubuta an rufe. Ta ce in ɗan dakata. Ta yi 'yan danne-danne a tata kwamfutar, sai ga farin rubutu ya tsaya cak. Ta kashe ta da hannunta. Raina ya ɓaci, na manta da kunya na manta da komai, na ce kin gyara kin kuma kashe, ke kin san abin da na rasa a makon nan kuwa? Ba ta ɗaga kai ba.

"Na sani, Baba. Ƙulli na haɗa wanda ya fi nawa girma. Duk girman kwano akwai mai zuwa da abin da ya fi shi. In na bar ta haka, ni na fita, amma wata rana wani zai zo da nasa, shi ma a ce ƙafarsa ce."

Na koma na zauna. Abin da ta ƙara bai fi layi uku ba, ta nuna mini da yatsa. Ta ce ma'anarsa, auna kafin ki juye, in ya fi mazubi ki ajiye shi gefe ki faɗa. Ta sake haɗawa. Har la'asar sakaliya tana jifan Tsohuwa da ƙulli manya da ƙanana, masu shaida da marasa shaida, ita kuwa tana karɓar na karɓa tana ture na turewa. Sannan ta ce za ta aika wa masu kula da manhajar gyaran, don akwai irin Tsohuwa a wurare da yawa. Na ce su da ba su san ki ba? Ta ce ba sai sun san ta ba, gyaran za su duba. Daga baya wani ya amso daga ƙasar da ita ma ba ta sani ba, babu sallama babu gaisuwa, wai ta raba gyaran biyu ta ƙara bayani. Na ce wannan ba shi da tarbiyya. Ta yi yadda ya ce, aka karɓa da sunanta da na mahaifinta a jiki. Amma wannan sai bayan ƙaramar salla ne.

A ranar dai, bayan magariba, na zaunar da Innarku na yi mata bayanin kwanuka da barkono yadda na iya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce to akuyar fa. Na ce leda ta ci, ke kika farka cikinta kika gani. Ta ce janareta fa. Na ce tun kafin a haifi Nura ake haƙuri da shi. Ta ce Allah ya kyauta. Ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta sake ambatar Potiskum ba. Tabawa kuwa da labari ya kai mata ta ce an shanye ni, ta ɗauke ƙafa daga gidana, sai da Rukayya ta haifi Halifa ta zo suna, shi ma a bakin zaure ta tsaya. Cikin ɗaliban da na kora a makon nan da yawa sun saba da shagon maƙwabcina, ba su dawo ba, kuma shekarar nan sai da na sayar da injin fotokwafi ɗaya. Ban ce muku abin ya zo da sauƙi ba.

Washegari na yi sammako na share shago, na mayar da Tsohuwa ƙarƙashin tebur na kunna. Kafin rana ta ɗaga 'yan ragowar masu rajista sun taru, har da Sadiƙu. Kun san 'yan kasuwa da maganar wanda ya fara shigo maka da safe, wai da ƙafarsa ciniki yake shigowa. Na gitta benci a bakin ƙofa na ce babu mai shiga. Suka yi ta ƙorafi, na ƙyale su, har Nura ya iso da Rukayya a bayan babur. Ta sauko ta ga mutane, ta tsaya tana gyara mayafi. Na janye bencin.

"Shiga, Rukayya. Ke za ki buɗe mana."

Sadiƙu ya ce, Baba Ado, mu yi sebin? Na ce masa shi ne na ƙarshe a layi. Ta tsallaka dokin ƙofa, ta wuce kujerar lungu, ta zare kebul ta soka a tata. Na bar yaran suka shiga. Ni kuma na durƙusa ƙarƙashin tebur da wannan gwiwar tawa, ina kallon 'yar koriyar fitilar Tsohuwa tana ƙiftawa, har sai da wani ya ce firinta ta cije takarda.